Harshen Inji a Rairayin Dagona

Wanda ya bi kwaltar da ta tashi daga Nguru ta ratsa Jajimaji ta shiga Gashuwa yakan zaci ya ga arewacin Jihar Yobe, alhali kuwa bakin tabarma kawai ya taka. Arzikin wannan yanki yana kudu da titin, can inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are yake malala cikin fadamu kafin ya haɗu ya zama Komadugu Yobe. A nan ne tafkin Dagona yake, tsohuwar lanƙwasar kogi wadda ambaliya ke cikawa kowace shekara. Idan sanyi ya koro tsuntsayen ruwa daga Turai a kansa suke sauka, su tarar da 'yan gida, su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Saboda waɗannan baƙi masu fukafukai ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo wurin a shekarar 1989, lokacin yana shugabancin asusun kare namun daji na duniya. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi, Dagona ta faɗa cikinsa. A 2008 kuma aka sanya tafkin a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Duk wannan daraja ba ta sa rairayi ya yi wa kowa sassauci ba. Da zarar an saki kwalta sai mota ta shiga ƙasar da ba ta san alfarma ba: da rani yashi mai cin taya, da damina taɓo mai riƙe ta har wuya, da hunturu kuma ƙura mai laushin garin alkama, wadda babu kafar da ba ta shiga. A irin wannan wuri mota ta wuce abin ado. Ita ce ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti, ita ce ke kai allurar rigakafi cikin akwatin ƙanƙara kafin ƙanƙarar ta narke, ita ce ke fito da kifi da shinkafa zuwa kasuwa. Idan ta tsaya, abin da ke tsayawa ya fi ƙarfe.

Mu da muka tashi muka tarar da Landiroba da tsofaffin akori-kura mun san yadda ake duba lafiyar irin waɗannan motoci a da. Bakanike yakan sa a tayar da inji, ya karkata kai ya saurara, sa'an nan ya zagaya baya ya dubi salansa. Baƙin hayaƙi, mai ya fi iska yawa. Shuɗi, inji yana shan baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa, a binciki ruwa. Ya kwance fulogi ya dubi launin bakinsa kamar yadda ungozoma ke duba idon jariri. Wani lokaci ya dafa sukudireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya ce ga inda ciwon yake. Injinan wancan zamani sun dace da wannan ilimi, domin komai nasu a fili yake. Injin nan na gas mai silinda 6 da kamfanin Toyota ya fitar a 1990, wanda ake kira 1HZ, ya yi suna a hamada da dazuzzukan Afirka saboda famfonsa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da ke ba shi umarni, kuma bakaniken ƙauye yana iya warware shi a gindin bishiya.

Sai zamani ya juya. Motocin da ake kira Beljiyam ko tokumbo suka cika ƙasa, sababbin da hukumomi da ƙungiyoyi ke saye su ma suka zo da wani baƙon abu, wato ƙwaƙwalwar lantarki wadda kanikawa ke kira birenbos. Kafireto ya tafi, nozul ya maye gurbinsa. A jikin inji aka dasa 'yan leƙen asiri da ake kira sensa: wannan yana auna iskar da ke shiga, wancan zafin ruwa, wani juyawar inji, wani kuma yana sansanar hayaƙin da ke fita. Kowannensu yana kai rahoto ga ƙwaƙwalwar, ita kuma ta yanke yawan man da za a fesa. Idan wani rahoto ya saɓa wa abin da take tsammani, sai ta rubuta lamba a cikinta, ta kunna wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba, mai siffar inji.

Ya kamata mai karatu ya san asalin wannan fitila, domin saninsa yana warware rabin ruɗanin da take jawowa a ƙasarmu. Hayaƙin da ya turnuƙe birnin Los Anjelis ne ya haife ta. Hukumar kula da tsabtar iska ta Jihar Kalifoniya ce ta fara tilasta wa masu ƙera motoci su sa mota ta riƙa tona asirin kanta idan tana fitar da hayaƙi fiye da ƙima. Daga shekarar 1996 kowace ƙaramar mota da za a sayar a Amurka sai ta zo da tsarin da ake kira OBD na biyu, da soket iri ɗaya mai ramuka 16 a kusa da gwiwar direba. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, na gas kuma bayan 'yan shekaru. Ke nan fitilar da ke kamawa a rairayin Dagona an yi ta ne domin huhun mutanen wata nahiya, kuma abin da ya fi damunta shi ne hayaƙi. Abin da ya fi damun direbanmu kuwa shi ne ko motar za ta kai gida kafin magariba. Wani lokaci damuwar biyu takan haɗu, wani lokaci ta raba hanya.

Mu da nazarin harshe ya zame wa sana'a, lambobin nan sun ba mu sha'awa, domin suna da nahawunsu. Kowace lamba harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. Harafin P yana nufin inji da giya, B gangar jiki, C ƙafafu da burki, U kuwa wayoyin da ƙwaƙwale ke zance da juna ta cikinsu. Idan sifiri ya biyo bayan P, to kalmar ta gama-gari ce, ma'anarta ɗaya a kowace irin mota. Idan 1 ne, karin harshen kamfanin ne, sai an nemi littafinsa. P0300 na cewa silinda suna fashin wuta ba tare da tsari ba. P0301 na cewa ta farko ce mai laifin, P0302 ta biyu. P0335 na ƙorafi a kan layin sensar da ke lura da juyawar inji. Tun kafin wannan tsari ma tsofaffin motocin Toyota suna da nasu salon: a sami guntun waya a haɗa ramin TE1 da E1, sai fitilar ta riƙa ƙyafta ido, a ƙirga. Biyu da biyu, sensar zafin ruwa. Biyu da biyar, mai ya yi kaɗan. Akwai masu rewaya da suka haddace wannan ƙirge ba su taɓa zama ajin boko ba.

A wani watan Janairu mun je Dagona, malamai da ɗalibai, domin tattara sunayen tsuntsaye da kalmomin su daga bakin masunta, Hausawa da Badawa. Muka ɗauki shatar wata akori-kura ta fetur, mai ja da ƙafa huɗu. A kan kwalta lafiya lau take gudu. Da muka shiga yashi direba ya sa ogzileri, sai ta fara wani irin hali: ya taka totur ta yi jinkiri kamar mai shawara, ta shaƙe, sa'an nan ta fizga. A rana ta biyu fitilar ta kama. Direban dattijo ne, ya shekara talatin yana tuƙi, amma muka ga fuskarsa ta canza. Ya ce da a ce ƙara ya ji, da ya san abin da zai yi. Wannan shirun mai haske shi ne bai iya ba. Abu ɗaya ya kwantar masa da hankali, fitilar a tsaye take ba ta ƙyaftawa, kuma ya san ƙyaftawa alama ce ta fashin wuta mai tsanani wanda ba a tafiya da shi. Muka lallaɓa muka fito titi, muka nufi Gashuwa.

Garejin da muka shiga na wani tsoho ne, a inuwar darbejiya. Aka aika aka kira wani saurayi wanda ke sa wa motoci kwamfuta. Muna jiran mu ga babban akwati, sai ya zaro wani ɗan abu da bai fi kwalin ashana ba, ya soka a soket ɗin, ya buɗe wayarsa. Ba a jima ba ya ce, "P0171." Ma'anarta, iska ta rinjayi mai. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai bisa nauyi, sensar hayaƙi kuma ta ga iskar ta yi yawa, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai har ta kai iyakarta, ta kai ƙara.

Nan take 'yan kallo suka yanke hukunci. Wani ya ce a canza sensar hayaƙi, tunda ita ce ta yi magana. Wani ya ce famfon mai ne ya gaji. Wani ya ce a wanke nozul. Ko wanne daga cikinsu yana iya zama gaskiya, kuma a nan ne tarkon yake. Lambar ba ta ambaci kowane ƙarfe ba. Ta faɗi abin da aka gani, ba ta faɗi wanda ya aikata ba. Wanda ya ji "iska ta rinjayi mai" ya tafi ya sayo sabuwar sensa, tamkar wanda ɗan aike ya kawo wa labarin gobara ne ya kama ɗan aiken da duka. Mun sha jin labarin masu motoci da suka canza abu uku ko huɗu a jere, kowanne da dubban nairori, fitilar na nan daram.

Saurayin nan bai yi gaggawa ba, abin da ya sa muka girmama shi ke nan. Ya ce ƙwaƙwalwar mota idan za ta rubuta lamba takan ajiye hoton halin da inji yake ciki a daidai wannan lokaci. Ya buɗe hoton. Inji ya riga ya yi zafi, gudun mota bai wuce na mai keke ba, amma nauyin da ke kan injin mai yawa ne. Ya dubi ƙarin man da ƙwaƙwalwa ke yi a yanzu, mota na tsaye tana silo, ya ga ya ɗan haura kaɗan, bai kai na tayar da hankali ba. Ya taka totur a tsaye, babu wani canji. Ya dubi tsohon ya ce, "Baba, a nan dai lafiyarta ƙalau. Can ne take ciwo."

Tsohon bai ko kalli wayar ba. Ya juya ga direba ya ce, "Malam, a ina take yi maka haka?" Direba ya ce a cikin yashi, idan tana ja. "A kwalta fa?" Ya ce ko kaɗan. Tsohon ya yi shiru. Sa'an nan ya sa aka danne tayoyi da duwatsu, ya ce direba ya ja burkin hannu, ya sa giya ta ɗaya, ya taka totur yana sakin kuloc sannu a hankali, kada ya bari ta tafi. Muka ga inji ya karkata gefe a kan mazauninsa kamar raƙumi zai miƙe. A daidai wannan lokaci saurayin ya ce, "Baba, ga ta nan, ta tashi!" Tsohon ya zura hannu ƙarƙashin baƙin tiyon da ke kai iska daga matata zuwa inji, ya bi lanƙwasoshinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya. A cikin wata lanƙwasa ta ƙasa, inda ido ba ya gani, roba ta tsage. Idan inji na zaune tsagar a rufe take. Idan ya yunƙura a cikin yashi sai ta buɗe baki, iska ta shiga ta bayan gida, bayan an wuce sensar da ke auna ta. Ƙwaƙwalwa ta auna mai daidai da iskar da aka gaya mata, ba ta san da ɓarauniyar hanya ba.

Da ya ciro tiyon ya shafa cikinsa ya nuna mana yatsansa. Jan gari ne. A nan muka gane cewa shaƙewar da ta dame mu ita ce ƙaramar matsala. Tsagar tana bayan matatar iska, wadda kanikawa ke kira iyakilina, saboda haka ƙurar hunturu tana shiga inji kai tsaye ba tare da tacewa ba. Ƙura a cikin silinda kuwa fayil ce, tana cin ringi da bango a hankali, har inji ya fara shan baƙin mai, wata rana ya buga. Babu wata lamba a duk littafin da ke cewa ƙura na cin injinka. Waɗanda suka tsara littafin hayaƙi ne a gabansu. Sa'a ce kawai ta sa damuwarsu da tamu suka haɗu a wannan tsaga.

Aka wanke tiyon, aka naɗe shi da robar tsohon tif na babur, aka ɗaure tam, aka aika Kano a sayo sabo a Ƙofar Ruwa. Direba ya nemi a goge lambar nan take. Saurayin ya ce, "Ranka ya daɗe, gogewa ba wuya, amma bari motar ta ba da shaida da kanta." Ka'idar ita ce, idan ƙwaƙwalwa ta yi gwajinta a tafiya uku a jere ba ta ga laifi ba, da kanta take kashe fitilar. Muka koma bakin tafki muka ci gaba da aikinmu, kafin mu bar yankin kuwa ta mutu.

Ba kowa ne ke da haƙurin wannan saurayi ba, kuma a nan muke da ƙorafi. Na'urar karanta lamba ta yi araha, 'yan Sin sun cika kasuwa da ita, sai wasu suka mayar da ita sana'ar gogewa. A biya su, su danna, fitila ta mutu, mai mota ya tafi yana sa albarka, bayan kwana biyu ta dawo. Gogewar kuma takan tafi da hoton nan da ƙwaƙwalwa ta ajiye, wato an kori shaida kafin alƙali ya zauna. Wasu sun fi haka ƙarfin hali, su liƙe fitilar da baƙin salatif, ko su cire ƙwanta gaba ɗaya, musamman idan za a sayar da mota. Shi ya sa masu wayo ke murɗa makulli su tsaya kafin su tayar, su ga ko fitilar za ta kama tare da 'yan uwanta. Idan ba ta kama ba, an yi mata aiki.

Sai dai adalci ne mu faɗi abin da ya sa mutane suka raina ta. A motoci da yawa an fasa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake wa laƙabi da indomi, an sayar da cikinta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Irin wannan mota takan yi ta kuka da P0420 har ƙarshen rayuwarta. Ga kuma mai. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan yadda 'yan kasuwar Turai ke kawo wa Afirka ta Yamma mai mai yawan farar wuta, irin wanda dokar ƙasashensu ta hana. A watan Fabrairun 2022 kuma an shigo da fetur mai haɗe da sinadarin metanol cikin Nijeriya, motoci suka lalace, layuka suka dawo gidajen mai. Nesa da gari kuwa galan ɗin ɗan bumburutu ne madogara, da abin da ya kwanta a gindinsa. Injinan gas na zamani, waɗanda ke fesa mai da matsin da ya haura bar 1,000, ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi kan isa su jikkata nozul ɗinsu, ƙwaƙwalwa ta rubuta P0087, ta rage wa mota ƙarfi don ta kare injin. Wannan kariya tana da ma'ana a titin da gareji ke kowace kusurwa. A tsakiyar yashi, motar da aka rage wa ƙarfi ta zama rumfa. Fitilar da ke kuka kullum, da dalili da babu dalili, dole wata rana a daina sauraronta, kuma ranar ce takan faɗi gaskiya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai daga garejin nan wani littafin rubutu ne na 'yan firamare, wanda saurayin ya zaro daga aljihu, ya yi baƙi da man inji. Wayar tana ba shi bayani da Ingilishi, irin Ingilishin da ko mai digiri sai ya yi tsaki, kuma a wurare da yawa na yankin babu sabis ɗin da za a nemi ƙarin bayani. Saboda haka duk lambar da ya taɓa gamuwa da ita sai ya rubuta ta, a gabanta ya sa ma'anarta da Hausa, a ƙarƙashi kuma abin da aka tarar a zahiri da aka buɗe motar. A gaban P0300 ya rubuta "inji na tsallake". A gaban wata ya rubuta "ɓera ya ci waya". Lamba ɗaya tana da amsa huɗu daban-daban, kowace da irin motar da sunan garin da ta fito. Mun fita neman kalmomin masunta, sai ga ƙamus yana tsiro a gindin darbejiya ba da iznin kowa ba.

A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya ba mu kalmomin da muke koyar da nahawu da adabi da su har yau. Aiki ne da muke alfahari da shi. Amma kalmomin gareji ba su jira wani kwamiti ba. Lagireto da totur da salansa da fulogi sun shigo sun zauna sun hayayyafa tun zamanin kakanninmu. Yanzu ga sabon ayari ya iso, kuma wannan karon ma'anoni ne masu wuya, waɗanda aron sauti kaɗai ba zai isar ba, domin wanda ya ce "sensa" bai faɗi abin da take aunawa ba. Muna ganin sashenmu yana da abin yi a nan, ko da aika ɗalibi ɗaya ne ya zauna wata uku a gareji da alƙalami, kafin littattafai irin na saurayin nan su yage.

Mun tambaye shi me yake kiran ƙarin man nan da ƙwaƙwalwa ke yi idan ta ga iska ta yi yawa, wanda ya ce ya tashi sa'ad da inji ya karkata. Ya ce bai sa masa suna ba tukuna, lambarsa kawai yake dubawa. Tsohon yana wanke hannu da fetur, ya sa aka sake yi masa bayanin abin: an auna mai daidai mudu, an ga bai isa ba, an ɗan ƙara a kai. Ya ce, "To ai gyara ke nan, irin wadda mai awo ke yi wa mai saye." Saurayin ya nemi aron birommu, ya rubuta "gyara" a shafin P0171.